Tarbiyyar yara a addinin Wikka

Tarbiyyar yara a addinin Wikka ita ce hanyar da mabiya Wikka, da sauran masu farfaɗo da addinan gargajiya na Turai, suke bi wajen renon 'ya'yansu bisa aƙidarsu da bukukuwansu. Yawancin irin waɗannan iyalai suna Amurka, Birtaniya, Kanada da Ostareliya. Mafi yawan iyayen da girmansu suka shiga addinin, sau da yawa bayan sun bar cocin da suka tashi a cikinsa. Don haka ba su gaji wata shimfiɗaɗɗiyar hanyar karantar da yaro ba, kuma da damansu suna ɗari-ɗari da ɗora wa yaro addini tun bai mallaki hankalin kansa ba.

Tarihi

Wikka ta fito fili a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20 ta hannun Gerald Gardner (1884–1964), tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya. Gardner ya ce a shekarar 1939 aka shigar da shi wata ƙungiyar asiri a yankin New Forest, wadda a faɗarsa ragowar tsohon addinin Turai ce da ya tsira a ɓoye. Masana tarihi, cikinsu har da Ronald Hutton, ba su ga hujjar wannan daɗewa ba; sun fi karkata ga cewa sabon addini ne da aka harhaɗa daga tsofaffin kayan aiki. Bayan an soke dokar hana maita ta 1735 a shekarar 1951, Gardner ya samu damar magana a fili, ya kuma wallafa littafinsa Witchcraft Today a 1954. Mabiyansa sun ɗauki sunan da Turawa suke kiran mayu da shi suka laƙaba wa kansu, abin da ya jawo musu zargi mai yawa daga baya, duk da cewa ba su yarda da Shaiɗan ba, balle su bauta masa. Abin bautarsu biyu ne: allahiya da suke alaƙantawa da wata da ƙasa, da kuma namiji mai ƙaho.

Tsarin da Gardner ya kafa bai tanadi wuri ga yara ba. Ana ibada ne a ƙananan ƙungiyoyi da ake kira koben, waɗanda bisa al'ada ba sa wuce mutum 13. Shiga sai da rantsuwar riƙe sirri, akwai matakai uku na ɗaukaka, taro da dare ake yi, kuma a tsarin asali tsirara ake yin sa. Saboda waɗannan dalilai ƙungiyoyin da ke bin sawun Gardner suka tsaya a kan cewa ba a shigar da wanda bai kai shekara 18 ba. Wani abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake rufe wa yara ƙofa, manyan suna tinƙaho da cewa gadon gida ne. Alex Sanders, wanda ya kafa reshensa a shekarun 1960, ya ce kakarsa ce ta shigar da shi yana ɗan shekara bakwai. Masu bincike ba su gaskata labarin ba, kuma an samu da yawa irinsa a wancan zamani.

Raymond Buckland, wani mabiyin tsarin Gardner, ya kai addinin zuwa Amurka a farkon shekarun 1960. A can ne addinin ya sauya kama. Cikin shekarun 1970 ya haɗu da gwagwarmayar 'yancin mata da ta kare muhalli, ya fita daga ɗakunan sirri zuwa fili. Daga wajajen 1980 aka fara manyan tarukan bazara a daji, inda mutane ke kafa tantuna su yi kwanaki, kuma mai jariri ba shi da inda zai ajiye shi. Littafin Scott Cunningham na 1988 ya ƙarfafa masu yin ibada su kaɗai ba tare da koben ba, sai ibadar ta koma cikin gida, a falo ko a bayan gida, inda yara ke gani. Matasan da suka shiga a shekarun 1970 kuwa sun zama iyaye, dole ta sa aka fara tambayar me za a koya wa yaran.

Amsoshin sun fara fitowa a rubuce a shekarun 1990. Mafi shahara shi ne Circle Round (1998) na Starhawk da Diane Baker da Anne Hill, wanda ya tara labarai, waƙoƙi da ayyukan hannu na kowane biki. Masaniyar zamantakewa Helen Berger, a bincikenta na 1999, ta ga cewa zuwan yara na daga cikin abubuwan da ke tura addinin ga neman tsari, gine-gine da amincewar hukuma, abubuwan da masu kafa shi suka guje wa.

Bikin suna da na balaga

Bikin maraba da jariri ana kiransa wikanin. Ba shi da tsayayyar rana kamar sunan Hausawa na kwana bakwai. Wasu kan jira cikar wata, wasu biki mafi kusa, wasu har yaro ya yi wayo. Ana zana da'ira a tsaya cikinta, a ɗaga jariri a nuna shi ga kusurwoyi huɗu: gabas ta iska, kudu ta wuta, yamma ta ruwa, arewa ta ƙasa. Akan shafa masa ruwan gishiri a goshi, a ambaci sunansa, mahalarta su bi layi kowa ya yi masa fatan alheri. Ana naɗa mutum biyu da za su tsaya masa a matsayin iyayen riƙo. Wasu iyalai kan ƙara masa suna na biyu da ba a amfani da shi sai cikin da'ira. Marubutan Wikka sun nanata cewa bikin neman kariya ne kawai, bai sanya yaro cikin addinin ba.

Bikin balaga bai zauna daram ba. Na mata akan haɗa shi da jinin al'ada na farko, mata zalla su taru; na maza akan yi shi a wajajen shekara 13, kuma kowane gida da yadda yake yi.

Bukukuwan shekara

Ta bukukuwa takwas na zagayowar shekara yara suka fi sanin addinin, domin babu makarantar koyon aƙida ko littafi mai tsarki da za a haddace. A Samhain, daren 31 ga Oktoba, ana jera hotunan kakanni da suka rasu a kan teburi, a zuba abinci a faranti guda a ajiye musu, a ba yara labarinsu. A Yule, wajajen 21 ga Disamba, dare mafi tsawo a shekara, ana kunna kyandir, wasu su tashi yara da asuba su ga fitowar rana. A Imbolc, farkon Fabrairu, ana saƙa gicciyen Brigid, wata allahiyar Ireland ta dā, da ciyawa. A Ostara ana rina ƙwai a shuka iri a ƙananan tukwane. Beltane, 1 ga Mayu, rawa ake yi ana zagaya doguwar sanda da ƙyallaye masu launi. Bikin haihuwa da saduwa ne a asalinsa, amma akan sassauta wannan ɓangare idan da yara. Sauran su ne Litha a Yuni, Lammas a 1 ga Agusta da ake gasa burodin sabon hatsi, da Mabon a Satumba. A Ostareliya ana juya ranakun su dace da yanayin can.

Gidaje da yawa suna haɗa Yule da Kirsimeti don kada a raba yara da kakanninsu Kiristoci.

Ɗabi'u

Ƙa'idar da aka fi koya wa yara ita ce wadda Doreen Valiente, tsohuwar abokiyar aikin Gardner, ta furta a bainar jama'a a 1964, mai ma'anar cewa mutum ya yi abin da ya so matuƙar bai cutar da kowa ba. Wasu kan haɗa ta da imanin cewa abin da mutum ya aikata zai dawo masa ninki uku, ko da yake ba duka suka yarda da wannan ba. Babu zancen zunubin gado ko wutar lahira. Ana jaddada girmama tsirrai da dabbobi, daidaito tsakanin mace da namiji, da kuma cewa jiki ba abin kunya ba ne. S. Zohreh Kermani, a bincikenta na 2013 kan iyalan Amurka, ta lura cewa manya suna kambama yarinta a matsayin lokacin tsarki da kusanci da gaibu, amma yaran kansu sau da yawa a gefe ake barin su, ba a ba su wani tsayayyen ilimin addini.

Shari'a da makaranta

Fargabar ƙwace yara ta daɗe tana damun waɗannan iyaye, musamman a shekarun 1980 zuwa farkon 1990, lokacin da jita-jitar cin zarafin yara a bautar Shaiɗan ta game Amurka da Birtaniya. Rahoton Jean La Fontaine na 1994 ga gwamnatin Birtaniya bai samu hujjar wanzuwar irin waɗannan ƙungiyoyi ba. Duk da haka, iyaye da yawa sun ci gaba da gargaɗin 'ya'yansu kada su faɗi abin da ake yi a gida idan sun je makaranta.

A Amurka wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da Wikka a matsayin addini a 1986, a shari'ar Dettmer da Landon. A 1999 wata makarantar sakandare a Michigan ta janye haramcin sanya tauraro mai tsini biyar, alamar addinin, bayan wata ɗaliba ta kai ƙara. A 2004 wani alƙali a Indiana, yana yanke hukuncin rabuwar aure, ya hana iyaye biyu 'yan Wikka nuna wa ɗansu addinin da ba na gama-gari ba, alhali babu ɗayansu da ya nemi hakan. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke sharaɗin a Agustan 2005.

Ƙungiyoyin yara

Cocin Aquarian Tabernacle da ke jihar Washington ya kafa SpiralScouts a 1999, ƙungiyar 'yan sikawut da ke karɓar maza da mata daga kowane addini.

Adadi

Ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 ta nuna kimanin mutum 74,000 masu bin sababbin addinan gargajiya, da wasu 13,000 da suka rubuta Wikka. A Amurka wani binciken addinai ya ƙiyasta 'yan Wikka 8,000 a 1990, 134,000 a 2001 da 342,000 a 2008. Masu bincike sun saɓa kan yawan yaran da ke ci gaba da addinin bayan sun girma.