Tattalin Arzikin Baƙin Ostireliya da na Samowa a Ƙasar Niyu Zilan

'Yan Ostireliya da 'yan Samowa suna cikin manyan rukunonin baƙi a Niyu Zilan. Ƙidayar 2018 ta sami mutum 75,696 haifaffun Ostireliya da mutum 55,512 haifaffun Samowa. Ƙasashen biyu maƙwabtan Niyu Zilan ne, tafiyar awa uku zuwa huɗu a jirgin sama daga birninta na Auckland, kuma kowacce tana da yarjejeniya ta musamman da ke ba mutanenta damar zama. Duk da haka akwai tazara mai faɗi tsakaninsu wajen albashi da mallakar gida da tara dukiya. Tushen tazarar yana cikin irin ƙofar da kowane rukuni ya shigo ta cikinta, da aikin da ya tarar, da yawan bakunan da albashi ɗaya yake ciyarwa.

Su wa ake ƙirgawa

Hukumar ƙididdiga ta ƙasar tana yin tambayoyi biyu daban: ina aka haife ka, kuma da wace ƙabila kake danganta kanka. Amsoshin ba sa haɗuwa. A 2018 mutum 182,721 ne suka ce su 'yan Samowa ne, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu a Niyu Zilan aka haife su, wato ba baƙi ba ne ko kaɗan. A ƙidayar 2023 adadin ya kai 213,069, ya zarce yawan mutanen ƙasar Samowa kanta, waɗanda ƙidayar 2021 ta ba da 205,557.

A ɓangaren Ostireliya abin juye yake. Waɗanda suka ambaci Ostireliya a matsayin ƙabilarsu a 2018 ba su kai 30,000 ba, ƙasa da rabin waɗanda aka haifa a can. Da yawa cikin haifaffun Ostireliya 'ya'yan 'yan Niyu Zilan ne da iyayensu suka je neman kuɗi Sydney ko Brisbane suka komo gida da su. Cikinsu akwai 'yan ƙabilar Mawori, mutanen asali na Niyu Zilan, har ma da 'yan asalin Samowa. Don haka duk teburin da ya jera “haifaffen Ostireliya” kusa da “ɗan ƙabilar Samowa” ya haɗa ma'auni biyu da ba jinsi ɗaya ba.

Ƙofofin shiga

Tun 1973 akwai tsarin zirga-zirga tsakanin Ostireliya da Niyu Zilan. Ɗan Ostireliya mai tsabtataccen tarihi yana samun izinin zama a filin jirgi ranar da ya sauka. Ba a neman ya zo da takardar ɗaukar aiki, ba a gwada Turancinsa, babu iyakar shekaru. Yarjejeniyar da ta fara aiki a 1998 ta sa wanda yake da rajistar sana'a a ƙasa ɗaya, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar jinya ko mai aikin lantarki, yana iya samun rajista a ɗaya ƙasar ba tare da sake karatu ba, ban da likitoci waɗanda tsarinsu daban ne. Tun Yulin 2013 ana iya kwaso kuɗin fanshon da aka tara a Ostireliya a zuba a asusun KiwiSaver, tsarin ajiyar fansho na Niyu Zilan. Da aka hana baƙi sayen gidaje a 2018, an cire 'yan Ostireliya da 'yan Singafo daga haramcin. A taƙaice mutum yana shigowa da sana'arsa da ajiyarsa, in abin bai yi masa ba ya koma.

Ƙofar Samowa ta fito ne daga mulkin mallaka. Sojojin Niyu Zilan sun karɓe tsibiran daga hannun Jamus a Agustan 1914, ƙasar ta ci gaba da mulkinsu har Samowa ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1962, aka ƙulla yarjejeniyar abota a shekarar. Daga 1970 aka ware wa 'yan Samowa gurabe 1,100 na zama a kowace shekara. Matakan su ne: mai nema ya kasance ɗan ƙasar Samowa mai shekara 18 zuwa 45, ya yi rajista a lokacin da aka buɗe, sannan a buga ƙuri'a. Wanda sunansa ya fito sai ya kawo takardar ɗaukar aiki daga wani mai kamfani a Niyu Zilan cikin 'yan watanni, ya nuna yana jin Turanci gwargwado, ya wuce gwajin lafiya da binciken 'yan sanda. In yana da 'ya'ya, dole albashin ya kai wani ƙayyadadden adadi.

Matakin takardar aiki ne yake kayar da mutane. Wanda ke ƙauye a tsibirin Savai'i ba shi da hanyar zuwa ganawa da mai ɗaukar aiki, sai ya dogara da ɗan'uwa da ya riga shi tafiya, shi kuwa ɗan'uwan abin da yake yi shi zai samo masa: mayanka, rumbun ajiyar kaya, shara, gini, kula da tsofaffi. Ta haka ake gadon ƙaramin albashi. Akwai shekarun da guraben ba su cika ba saboda wannan sharaɗi. An dakatar da ƙuri'ar a 2020 da 2021 lokacin annobar korona, aka dawo da ita a 2022.

Akwai kuma tsarin aikin gona na wucin gadi, RSE, da aka fara a 2007, inda 'yan Samowa ke zuwa tsinkar tuffa da inabi da kiwi a yankunan Hawke's Bay da Marlborough da Bay of Plenty har tsawon wata bakwai cikin goma sha ɗaya. Waɗannan ba mazauna ba ne, bai kamata a haɗa su cikin lissafin ba.

Daga masana'anta zuwa rashin aiki

A shekarun 1950 zuwa farkon 1970 masana'antun Auckland da Wellington suna ƙishirwar ma'aikata, gwamnati kuma ta kau da kai daga waɗanda bizarsu ta ƙare. Da tattalin arziki ya karye bayan tashin farashin mai na 1973, sai aka juya musu baya. Tsakanin 1974 da 1976 'yan sanda sun riƙa kai samame gidajen 'yan tsibiran Fasifik da asuba. Wani bincike na tsakiyar shekarun 1980 ya nuna cewa su ne wajen kashi ɗaya cikin uku na masu wuce wa'adin biza, amma su ne kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar. Firayim Minista Jacinda Ardern ta nemi gafara a hukumance ranar 1 ga Agustan 2021.

A 1982 kotun ƙoli ta masarautar Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe ga Niyu Zilan, ta yanke hukunci a shari'ar Falema'i Lesa cewa 'yan Samowa da aka haifa tsakanin 1924 da 1948 'yan ƙasar Niyu Zilan ne. Gwamnatin Robert Muldoon ta yi maza ta kafa dokar da ta soke wannan haƙƙi ga mafi yawansu. Sai a Nuwamban 2024 majalisa ta buɗe wa waɗanda suka rage a raye hanyar karɓarsa.

Babban bugun tattalin arziki ya zo ne da sauye-sauyen da ministan kuɗi Roger Douglas ya fara a 1984. Aka rage harajin kayan waje, masaƙu da masana'antun takalma da na harhaɗa motoci suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarun 1990 rashin aiki a tsakanin 'yan Fasifik ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. A daidai wannan zamani unguwannin tsakiyar Auckland da suka fara zama, irin su Ponsonby da Grey Lynn, suka yi tsada, iyalai suka koma kudancin birnin, Mangere da Otara da Manurewa. Waɗanda suka bar gidajen nan sun rasa hauhawar farashin da ta azurta waɗanda suka gaje su. A 1986 wajen rabin 'yan Fasifik suna zaune a gidan da iyalinsu suka mallaka. Zuwa 2013 sun koma wajen kashi ɗaya cikin uku.

Abin da alƙaluma ke nunawa

Yawancin binciken gwamnati yana fitar da sakamako ne bisa manyan rukunoni, 'yan Fasifik da Turawa, ba bisa ƙasar haihuwa ba. 'Yan Samowa su ne kusan rabin rukunin farko, mafi yawan haifaffun Ostireliya kuma suna cikin na biyu, shi ya sa ake amfani da waɗannan alƙaluma a matsayin manuniya, ba ainihin awo ba.

Rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam na 2022 ya nuna cewa a duk dalar Niyu Zilan ɗaya da Bature namiji ya samu, namiji ɗan Fasifik santi 81 yake samu, mace santi 75. Da aka cire tasirin ilimi da shekaru da irin aiki da wurin zama, fiye da rabin gibin ya tsaya babu bayani. A wajen dukiya gibin ya fi muni. A 2018 idan aka jera mutane daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa, na tsakiya cikin Turawa yana da dukiyar dala 138,000 bayan cire bashi, na tsakiya cikin 'yan Fasifik 15,000. Albashi ya bambanta da kashi ɗaya cikin biyar, dukiya ta bambanta da ninki tara, kuma gida ne babban dalili.

Cunkoso ana auna shi da ma'aunin da aka aro daga Kanada: kada a wuce mutum biyu a ɗaki, miji da mata ɗaki ɗaya, yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna iya haɗuwa ko da jinsinsu daban, daga 5 zuwa 17 sai jinsi ɗaya, baligi marar aure yana da nasa ɗakin. Da wannan ma'auni, a 2018 kusan mutum huɗu cikin goma na 'yan Fasifik suna cikin cunkoso, alhali a ƙasa baki ɗaya wajen ɗaya ne cikin tara. Ma'aunin yana ɗaukar zaman Turawa a matsayin mizani, amma alaƙar cunkoso da zazzaɓin da ke lalata zuciyar yara abu ne da likitocin ƙasar suka tabbatar.

Daidaita kuɗin gida

Jimlar kuɗin da ke shiga gida tana yaudara. Gidan 'yan Samowa yana iya ƙunsar ma'aikata uku ko huɗu, sai jimlar ta fito babba. Hukumar ƙididdiga tana gyara wannan da ma'auni mai sauƙi: baligi na farko maki 1, duk wani mai shekara 14 zuwa sama 0.5, yaro ɗan ƙasa da haka 0.3. Sai a raba kuɗin da ya rage bayan haraji da jimlar makin.

Misali na lissafi kawai: gida mai miji da mata da yaro ɗaya yana samun dala 120,000. Makinsa 1.8, rabon ya ba da wajen 66,700. Wani gida mai manya huɗu da yara uku yana samun 140,000. Makinsa 3.4, rabon wajen 41,200. Gidan da ya fi samun kuɗi shi ne ya fi talauci da nisa. In an cire kuɗin haya kafin rabawa, tazarar tana ƙaruwa, domin wajen kashi biyu cikin uku na 'yan Samowa suna Auckland, inda haya ta fi tsada.

Shekaru ma sai an daidaita su. A 2018 shekarun tsakiya na 'yan Fasifik 23.4 ne, na ƙasa baki ɗaya 37.4. Ƙidaya tana tambayar kuɗin shiga daga shekara 15, don haka rukunin da ya cika da ɗalibai dole ya fito ƙasa. Hanyar da ta dace ita ce a kwatanta 'yan shekara 30 zuwa 39 da takwarorinsu, jinsi da jinsi, sannan a duba tsawon zaman kowa a ƙasar.

Kuɗin da ke fita

Babu ma'aunin da ke sama da yake kama abin da ake bayarwa. A al'adar Samowa mutum ɗan babban dangi ne da ke ƙarƙashin matai, shugaban zuriya, kuma idan fa'alavelave ta taso, wato jana'iza ko aure ko naɗin sarauta, kowane gida yana da kason da zai kawo na kuɗi da abinci da tabarmin alfarma. Ga kuma baikon coci, wanda a wasu majami'u ake karanta sunan kowane iyali da abin da ya bayar a bainar jama'a. Kuɗin da ake aikawa gida ya kai tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na arzikin da Samowa ke samarwa a shekarun baya-bayan nan.

Jana'iza ba ta jiran ranar albashi, shi ya sa masu ba da rance da ruwa mai nauyi suka yi sansani a kudancin Auckland. Sai dai kuskure ne a ɗauki wannan kuɗi a matsayin asara zalla. Wanda ya bayar yau shi za a tallafa wa gobe, kuma wani ɓangare yana tafiya gina gida a ƙauye. Matsalar ita ce wajen kashi 80 cikin 100 na ƙasar Samowa ta gargajiya ce, ba a sayarwa, banki ba ya karɓarta jingina. Ɗan Ostireliya mai gida a Melbourne yana iya sayarwa ya biya kafin alƙalamin wani a Wellington. Ɗan Samowa mai gida a tsibirin Upolu ba shi da wannan dama, kuma dukiyar ba ta bayyana a takarda.

Da wa ake kwatantawa

Ɗan Ostireliya da ya koma Niyu Zilan galibi ya bar ƙasar da albashinta ya fi yawa, saboda aure ko canjin wurin aiki ko son yanayin rayuwa. Ɗan Samowa kuwa ya bar ƙasar da albashinta bai kama ƙafar na inda ya je ba. Wanda yake ƙasa a teburin kwatanci yana iya zama shi ne ya fi cin ribar ƙaura. Masana John Gibson da David McKenzie da Steven Stillman sun yi amfani da ƙuri'ar shige da fice wajen auna wannan, suna kwatanta waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, tun da sa'a ce kaɗai ta raba su. A bincikensu kan 'yan Tonga, masu irin wannan ƙuri'a, kuɗin shigar waɗanda suka yi ƙaura ya ƙaru da kashi 263 cikin 100 a shekarar farko.

Abu biyu kuma suna karkatar da alƙaluman. Ƙidayar 2018 ta sami amsa daga wajen kashi biyu cikin uku kacal na 'yan Fasifik, aka cike giɓin da bayanan haraji da na asibiti, har shugabar hukumar Liz MacPherson ta ajiye aiki a 2019. Sannan 'yan Samowa da yawa, da zarar sun sami zama 'yan ƙasar Niyu Zilan, sukan wuce Brisbane ko Sydney ko Melbourne ta ƙofar nan ta 1973. Ƙidayar Ostireliya ta 2021 ta sami wajen mutum 98,000 masu asalin Samowa, kuma duk abin da suka tara a can ba ya shiga lissafin Niyu Zilan.