Daren Sabuwar Shekara a Hanya: Kada Ku Kwana da Garwashi

Ba kowa ne daren 31 ga Disamba yake riska a gidansa ba. Wasu suna hanyar Kagoro, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu a gindin dutsen garin. Jama'a kan taru daga Kafanchan da Kaduna da Jos da Abuja, wanda bai samu masauki ba sai ya kwana a mota ko ƙarƙashin tamfol. Wasu kuwa neman abinci ne ya fito da su: direbobin tirela da na tanka da yaransu, waɗanda suka yada zango a Mararrabar Jos ko Tafa, suka zagaye teburin mai shayi ana ta hira har sha biyu ta buga. Duk wannan a tsakiyar hunturu, ga iska, ga hazo, ga sanyin da yake ƙara kaifi idan asuba ta kawo jiki.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, abin da ya fi tayar mini da hankali a irin wannan dare shi ne dabarar da ake yi don korar sanyin. Idan taro ya watse, sai ka ga yaron mota ya je wurin mai shayi ko mai tsire, an ɗibar masa garwashi a kasko ko tsohon gwangwani. Ya shiga da shi kan mota, ya ɗaga gilasai duka, har ya sa tsumma ya toshe inda iska ke shigowa. Idan ka yi masa magana sai ya ce, "Ai ya riga ya ruru, ba ya hayaƙi."

To, nan ne haɗarin yake. Garwashin da ya yi ja, wanda ba ka ganin hayaƙinsa, yana nan yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari ko yajin ido, balle ta tashi mai barci. Idan ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini, ta kama wurin da iskar oksijin take zama, kuma riƙonta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa ba sa samun rabonsu. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jiki ya yi laushi. Da yawa sai su ɗauka maleriya ce ko gajiyar hanya, su haɗiyi farasitamol su koma su kwanta a inda gubar take. Wanda ya riga ya yi barci kuwa, yana iya wucewa ba tare da ya motsa ba. Da safe sai a shiga zargin abincin da aka ci jiya, ko a ce iskokai ne.

Ga alamar da nake so kowa ya riƙe: idan mutum biyu ko uku da suke wuri ɗaya a rufe suka kama ciwon kai lokaci guda, kuma suna fita waje suka ji dama-dama, ku fice gaba ɗaya, kada a tsaya gardama.

Janareta ma haka take. Wadda aka kunna don kiɗa ko cajin waya, a ajiye ta a fili, nesa da ƙofa da taga aƙalla mita 6. Haka nan barci a mota an bar inji yana aiki don a ji ɗumi, shi ma haɗari ne, musamman idan salansa ta huje.

Idan kun tarar da wani ya suma a irin wannan wuri, ku buɗe ko'ina, ku fito da shi sarari, ku kwantar da shi a kan gefen jikinsa, ku lulluɓe shi. Don Allah kada a ɗura masa manja ko madara. Ba sa fitar da gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙe su su gangara huhunsa. Maganinsa oksijin ne, shi kuwa a asibiti ake samu, don haka a garzaya da shi mafi kusa. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi. Mace mai juna biyu kam dole a duba ta, domin gubar ta fi yi wa ɗan cikin lahani fiye da uwar.

Sanyin fa? A ji ɗumin wuta a waje son rai, a kashe ta da ruwa kafin a kwanta. Riguna biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwa ɗaya riƙe ɗumi. A sa hula da safa, a shimfiɗa kwali ƙarƙashin tabarma, domin ƙasa tana zuƙe zafin jiki. Jariri a sa masa hula, a manna shi da jikin uwarsa. Masu shan giya su sani, ɗumin da suke ji a fata ne kawai, zafin jikin fita yake yi. Wanda aka ga ya daina karkarwa alhali jikinsa ya yi sanyi ƙalau, maganarsa tana sarƙewa, sanyi ya ci ƙarfinsa, shi ma asibiti za a nufa da shi.

Roƙona ga sarakunan tasha da shugabannin direbobi da masu shirya taro, ku sa a yi shela tun da yamma. Ku kuma masu shayi da masu tsire, a hannunku ake karɓar wutar nan. Duk wanda ya zo muku da kasko tsakar dare, ku tambaye shi inda zai kai shi, in ya ce cikin mota ko ɗaki, ku hana shi.