Yaro mai karatun gida, lissafi ya yi nisa, karatu ya tsaya: wace jarrabawa za a yi masa?

Da watan Afrilu ya kama, 'yan'uwanmu mazauna Amurka da ke koyar da 'ya'yansu a gida, wasu saboda hadda, wasu saboda dalilan da suka fi ni sani, sai su hana ni sakat da tambayoyi iri ɗaya kan jarrabawar da ake auna karatun yara da ita. Ga su nan na tara. Wanda ya sake kira, nan zan turo shi.

Dole ne sai an yi jarrabawar?

Jiharku ce ke da ta cewa. Texas ba ruwanta. North Carolina tana so duk shekara, amma ba ta ɗora makin da za a kai ba. Pennsylvania a aji 3, 5 da 8. New York daga aji 4 zuwa 8 aƙalla shekara ɗaya cikin biyu, daga aji 9 kuwa ba fashi. Don Allah ku daina aiki da abin da ƙawarku ta wata jiha ta ce.

Wacce ta fi sauƙi?

Idan sauƙi kike nema, Hajiya, me ya sa za ki kashe kuɗinki?

Ɗana ya ci 45. Ya faɗi kenan?

Bai faɗi ba. Wannan lambar ba makin WAEC ba ce. Matsayinsa ne cikin sa'o'insa: a yara ɗari 'yan ajinsa, ya wuce kusan 45. Tsakiya kenan. New York ma sama da 33 take nema, ko shaidar cewa ya ci gaba daidai da karatun shekara guda. Virginia 23. Ki sha ruwa, ki bar yaro ya huta.

Shekararsa tara. Lissafin 'yan aji 6 yake yi, amma karatunsa na Turanci bai wuce na aji 2 ba. Wace jarrabawa, kuma ta wane aji?

To, wannan ita ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai.

Fara da raba abu biyu da iyaye ke cakuɗawa: takardar da za a miƙa wa hukuma, da abin da ke kanki kike son sani game da ɗanki. Sau da yawa jarrabawa ɗaya ba ta biyan buƙatun biyu.

Jarrabawowin da ake kira Iowa, Stanford 10 da CAT duk an ɗinka su ne a kan aji ɗaya. Ki ba shi ta aji 4, lissafin ya cinye shi tas, kin ga ba ki san iyakarsa ba, domin tambayoyin sun ƙare kafin shi ya ƙare. Karatun kuma ya yi masa tsauri har ya koma cika da ka, nan ma ba ki san daga ina ya fara tangarɗa ba. Kamar riga ce da aka yanka wa matsakaicin yaro, a wajensa hannu ya ɗage, ƙasa na jan ƙasa. Sannan ga abin da ba a cika lura da shi ba: wani ɓangare na lissafin labari ne da sai an karanta. Yaron da karatu ke ba wuya zai iya zubar da maki a lissafin da ya iya, sai uwa ta zo tana cewa ashe lissafin ma bai iya ba. Ya iya. Tambayar ce bai karanto ba.

Idan sanin yaron kike so, ni na fi karkata ga guda biyu. MAP Growth a kwamfuta ake yin ta, kuma tana bin yaro: ya ci ta ƙara wuya, ya faɗi ta sassauto, kowane fanni da nasa. Sai Woodcock-Johnson, wadda ƙwararre ke zama da yaro su biyu, yawancinta da baki, yana hawa da shi har inda ya fara kuskure a jere. Ita ta fi fito da irin wannan hawa da gangara, amma ta fi tsada, kuma sai kin nemo mai izinin yin ta. Yaro mai kunyar baƙo kuma zai iya ƙin buɗe baki, kin san naki.

Idan kuwa ta hukuma ce, duba ko jiharku na da jerin waɗanda ta yarda da su kafin ki biya ko sisi. New York tana da shi. Galibi jimillar maki ake dubawa, saboda haka ƙarfinsa a lissafi na iya rufa wa karatun asiri. Na ce na iya, ban ce dole ba. Idan karatun ya yi ƙasa ƙwarai, zai jawo jimillar. Yaron da agogo ke firgitawa, Stanford 10 ba ta tsaurara lokaci, Iowa kuwa da lokaci take tafiya. Wasu jihohin, har da Virginia, suna karɓar rahoton ƙwararren malami maimakon jarrabawa, kuma ga irin wannan yaro wataƙila shi ya fi adalci.

Batun aji: wanda kika rubuta wa hukuma, shi za ki bi. Kada ki ba shi ta aji 2 don lamba ta yi kyau. An gwada shi kenan da yara 'yan shekara bakwai, me kika gano?

Abu na ƙarshe, kuma ba don in tayar miki da hankali ba. Tazara mai faɗi haka wani lokaci ba komai ba ce illa gida Hausa ake yi, Turancin bai zauna ba tukuna. Wani lokacin kuma matsalar gane haruffa ce, wadda ba ta da alaƙa da daƙiƙanci. Babu ɗaya cikin jarrabawar aji da za ta bambance miki. Ki rubuta wa hukumar ilimi ta gundumarku ki nemi a duba shi. Dokar tarayya ta ɗora musu gano yara masu buƙata ta musamman. Ki gwada idonsa da kunnensa ma.

Zan iya karanta masa tambayoyin?

Na lissafi, sai idan umarnin jarrabawar ya yarda. Na sashen karatu, haba! Ke ake gwadawa ko shi?

Ni da kaina zan iya kula da shi yana rubutawa?

CAT galibi eh. Iowa da Stanford, masu sayarwa kan nemi mai digiri. A New York sai shugaban gundumar ilimi ya amince da mai kulawar.

Takarda ta ce lissafinsa matakin aji 7 ne. In saya masa littafin aji 7?

Kar ka soma, Malam. A jarrabawar aji, ma'anarta ita ce ɗan aji 7 da aka ba wannan takarda ta aji 4, kusan haka zai ci. Ba a tambayi ɗanka ko aljabara ɗaya ba.

Za mu komo Najeriya. Sakamakon zai yi masa amfani?

Makaranta na iya dubawa don sanin ajin da za ta sa shi, kuma mai yiwuwa ta yi masa tata. Jami'a kuwa WAEC ko NECO da JAMB za ta nema, kuma biyun farko suna da jarrabawar masu zaman kansu.