Tara faya-fayan CD na kiɗan jaz

Tara faya-fayan jaz sana'a ce ta kunne da haƙuri, wadda mai yinta ke neman kundin kiɗa a bugun da ya fi kusa da abin da aka naɗa ranar da makaɗan suka shiga ɗakin ɗaukar sauti. Kiɗan jaz ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar Amurka, musamman a birnin New Orleans, kuma an fara naɗarsa a faifai a 1917. Faifan CD kuwa kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da shi a 1982. Saboda haka mafi yawan jaz ɗin da ake ji da shi ya girmi CD da shekaru masu yawa, kusan duk abin da mai tarawa zai saya sabon bugu ne na tsohon aiki. Kundi ɗaya na iya samun bugu goma ko fiye, suna ɗaya, hoton bango ɗaya, amma sauti daban.

Yadda tsohon kiɗa ke komawa kan CD

Kafin 1948 faifan garmaho mai juyi 78 a minti ake amfani da shi, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da minti 3 da 'yan kai. Shi ya sa kiɗan Louis Armstrong da ƙungiyarsa ta Hot Five, na 1925 zuwa 1928, duk gajeru ne. A 1948 kamfanin Columbia ya kawo babban faifai mai ɗaukar kusan minti 20 a gefe guda, a daidai lokacin da ɗakunan naɗa suka fara komawa amfani da tef. Wannan tef na asali shi ne uwa, daga gare shi ake kwafar sauran.

Mai sake bugu yakan bi matakai uku. Ya nemo uwar tef ɗin, ko kwafin da ya fi kusa da ita. Ya juyar da sautin zuwa lambobin kwamfuta, a ma'aunin CD na bit 16 da awo 44,100 a kowace daƙiƙa. Sannan ya daidaita kauri da siranta da ƙarfin sautin. A kowane mataki ana iya yin ɓarna. Idan kwafin kwafi aka samu, ƙarar faranti na mai ganguna takan dushe, a riƙa jin shuu a ƙarƙashin kiɗan. Idan aka matsa wa na'urar cire ƙaraf-ƙaraf na tsohon garmaho, kamar yadda aka yi wa bugu da yawa a ƙarshen shekarun 1980, takan haɗa da numfashin mai busa ta share, sai ƙaho ya koma kamar ana busa shi cikin tulu. Akwai kuma tsofaffin kiɗan da aka naɗa da hanyar sauti ɗaya, daga baya aka raba su da ƙarfin tsiya zuwa sifika biyu don a ce sitiriyo ne. Irin wannan a guje shi, bugu mai hanya ɗaya na gaskiya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Wani lokaci uwar tef ɗin ma babu ita. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a jihar Kalifoniya a 2008 ta cinye tef masu ɗimbin yawa, ciki har da na jaz. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu tsofaffin CD na shekarun 1990 ke da daraja har yanzu.

Kundi uku da ke nuna bambancin bugu

Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka naɗa a ranakun 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, shi ne misalin da kowane mai tarawa ya sani. A zaman farko na'urar tef ɗin tana ɗan jan ƙafa, don haka da aka kunna shi a daidai gudu sai kiɗa uku na farko suka ɗan yi sauri, muryarsu ta ɗan hau sama. Haka duniya ta saurare shi sama da shekara 30. An gyara wannan a bugun 1992, sannan bugun 1997 ya zo da gyaran tare da ƙarin wani ɗauka na biyu na kiɗan ƙarshe. Wanda ke koyon fiyano ko ƙaho yana bin faifan zai ji bambancin nan take, domin tsohon bugun ba ya hawa daidai da kayan kiɗan da aka saita.

Labarin Ellington at Newport ya fi wannan ban mamaki. Duke Ellington ya yi wasan a watan Yulin 1956, inda mai busa saksofon Paul Gonsalves ya yi zagaye 27 a jere ba tsayawa har 'yan kallo suka miƙe. Amma ya tsaya ne gaban makirufon gidan rediyon Muryar Amurka maimakon na Columbia, busarsa ta fito can nesa. Faifan da aka fitar a wancan lokaci, wani sashe nasa a ɗakin naɗa aka sake yi, aka liƙa masa tafi. Sai a 1999 aka haɗa tef ɗin rediyon da na kamfanin, ɗaya a hagu ɗaya a dama, aka fitar da wasan gaba ɗaya a CD biyu. Wannan bugun shi ne abin nema.

A Love Supreme na John Coltrane, wanda aka naɗa ranar 9 ga Disamba 1964, ya daɗe ana buga shi daga kwafin tef da aka riga aka taɓa wa sauti. Bugun 2002 ya yi amfani da wani kwafi mai tsabta da aka gano a Landan.

Kamfanoni da jerin bugunsu

Kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a 1939, shi ya fi jawo muhawara. Yawancin fitattun kundayensa Rudy Van Gelder ne ya naɗa su a jihar New Jersey. CD ɗin farko na ƙarshen shekarun 1980, da yawansu aikin Ron McMaster ne, sautinsu a sake yake, ba a matse shi ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 Van Gelder da kansa ya sake gyara su a jerin da ake kira RVG Edition: sauti ya ƙara ƙarfi da haske, kayan kiɗan suka matso tsakiya. Wasu na son wannan, wasu kuma suna cewa yana gajiyar da kunne. A ƙaramar rediyo ko cikin mota RVG ya fi fitowa. A kan sifiku masu kyau cikin ɗaki shiru, tsohon bugun yakan fi daɗin zama.

Jerin Original Jazz Classics na kamfanin Fantasy ya tattara kundayen kamfanonin Prestige da Riverside da Contemporary. Ba shi da ado, ba shi da tsada, kuma da wuya ya ba mutum kunya. A nan ake samun Saxophone Colossus na Sonny Rollins (1956) da wasan Bill Evans a gidan kiɗa na Village Vanguard da ke New York na 25 ga Yuni 1961. Kamfanin Mosaic kuwa akwatuna yake yi masu iyakantaccen adadi, idan sun ƙare sun ƙare, shi ya sa na hannu ke tsada. Bugun Japan ana gane shi da siririyar takarda da ke naɗe a gefen akwatin, kuma ɓatanta yana rage kuɗin faifan.

Akwai wani rukuni da ya cika kasuwa: akwatunan Turai masu kundi takwas a CD huɗu da arha. A Turai kiɗan da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka buga shi halal ne a dokarsu. Sai dai masu bugawar ba su da tef na asali, daga garmaho ko daga wani CD suke kwafa. Suna da amfani ga mai son ɗanɗana makaɗin da bai sani ba. Amma ba kowane ƙaramin kamfani ne na jabu ba: aikin da John R. T. Davies ya yi wa Hot Five na Armstrong a kamfanin JSP yana cikin waɗanda masana suka fi yabo.

Ba da shawara ga mai farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa wa sabon shiga akwatin da ya ƙunshi komai. Irin waɗannan sukan jera ɗauka huɗu ko biyar na kiɗa ɗaya a jere, kamar a tarin ayyukan Charlie Parker na kamfanonin Savoy da Dial, kuma wanda bai saba ba zai gaji tun kafin ya kai tsakiya. A fara da kundi ɗaya-ɗaya. Ga kunnen da ya tashi da kalangu da kotso, hanyar ganguna ta fi sauƙi: Moanin' na Art Blakey (1958), inda fiyano ke bayarwa ƙahonni na amsawa kamar mawaƙi da 'yan amshi, sai The African Beat (1962) da ya yi tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori. Daga nan a wuce At the Pershing na Ahmad Jamal (1958) da Time Out na Dave Brubeck (1959).

Yusef Lateef ya cancanci wuri na musamman a kantar ɗan Arewa. Ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da nazarin sarewar Fulani, kuma yana da kundi mai suna In Nigeria. Eastern Sounds (1961) shi ne mafi sauƙin samu a cikin ayyukansa.

Shawara mai amfani takan faɗi abu huɗu: sunan kundi, kamfani, shekarar bugu, da lambar da ke jikin ƙashin bayan akwatin. Da wannan lamba ake duba faifan a shafin intanet na Discogs a tabbatar da wane bugu ne.

Saye da gane na gaske a Bauchi

Masu sayar da faifai a kasuwannin Wunti da Muda Lawal harkarsu finafinai ce da wa'azi da waƙoƙin Hausa, yanzu ma yawanci turawa suke yi a waya. Jaz na asali yakan zo ne ta kayan gwanjo, ko ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga waje, ko ta oda a intanet. A odar, kuɗin aike kan fi kuɗin faifan, don haka gara a haɗa guda biyar zuwa goma a ƙunshi ɗaya.

Faifan masana'anta cikinsa fari ne kamar azurfa. Wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma ana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. A duba zoben da ke kewaye da ramin tsakiya: na gaske yana da lambobi, kuma waɗanda aka buga daga 1994 yawanci suna ɗauke da haruffan IFPI. Sai a ɗaga shi sama a hasken fitila. Idan haske na ratsowa ta ƙananan huji da yawa, ko gefensa ya koma ruwan tagulla, ƙarfen ciki ya fara lalacewa. An san wannan ciwo da wasu faya-fayan da aka buga a Ingila a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, kuma ba shi da magani.

Adana shi a zafi da ƙura

Kaurin CD milimita 1.2 ne, kuma sautin yana can sama, dab da gefen da aka yi rubutu, fenti siriri kawai ya rufe shi. Ƙarzuwa a gefen mai sheƙi sau da yawa na'ura takan tsallake ta ko a goge ta. Ƙarzuwa a gefen rubutu kuwa ta tafi da kiɗan har abada. Kada a liƙa masa takarda, kada a yi rubutu da biro.

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Idan aka goge faifai da bakin riga a watan Janairu, an ƙarje shi ke nan. A fara hure ƙurar, ko a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a tsane da ƙyalle mai taushi, ana shafawa daga tsakiya zuwa baki a miƙe. Ba a bin da'ira, domin ƙarzuwar da ta bi layin sauti ita ce ke sa faifai tsalle. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, faifan da aka bari a gaban mota yana iya lanƙwasa cikin yini ɗaya. A jera su a tsaye cikin akwatunansu, a kabad mai murfi, nesa da bangon da rana ke duka. Da damina kuma takardar ciki ce ke shan laima ta manne, sai a sa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Na'urar kunnawa ita ma ƙura ke kashe mata ido. Idan ta fara ƙin karanta faya-fayai masu lafiya, a goge ƙwayar idon a hankali da auduga da ɗan sifirit kafin a kai ta wurin mai gyara. A haɗa ta da sitabilaiza, a kuma cire ta daga soket kafin a tayar da janareta. Duk faifan da ya shigo hannu a kwafe shi a kwamfuta tun ranar farko a tsarin FLAC, wanda ba ya rage komai daga sautin. Kundi mai minti 45 yakan ci kusan megabait 300, kuma manhajar Exact Audio Copy tana nuna ko an karanta faifan ba tare da kuskure ba.