Wai me ake nufi da "katsalandan na jin ƙai", kuma me ya sa kowa ke jingina yaƙinsa da tarihi?

Duk mai bin labaran duniya ya saba jin waɗannan kalmomin: katsalandan, tsoma baki, shisshigi, kai ɗauki, matakin soja, mamaya. Sau tari fa duk abu ɗaya ake nufi, wato sojojin wata ƙasa sun tsallaka iyaka ko jiragenta sun shiga sararin samaniyar wata ƙasar suna ruwan wuta ba tare da masu mulkin ƙasar sun gayyace su ba. Wanda ya tura sojan zai ce ɗauki ya kai, wanda aka shigar wa gida zai ce mamaye shi aka yi, shi kuma ɗan jaridan da ba ya son a ce ya ɗauki ɓangare sai ya ce "matakin soja" ya wuce wurin. Toh tun daga sunan ma rigimar take farawa.

Shi katsalandan na jin ƙai, ma'anarsa a sauƙaƙe shi ne wata ƙasa ko taron ƙasashe su yi amfani da ƙarfin soja a cikin wata ƙasa, ba don an kai musu hari ba, sai don wai su ceci mutanen wannan ƙasar daga gwamnatinsu ko daga kisan da gwamnatin ta kasa hanawa. Ya sha bamban da aikin dakarun kiyaye zaman lafiya, su waɗannan da yardar gwamnati suke shiga. Ya kuma sha bamban da kare kai. Nan ana maganar fasa ƙofar wani ne saboda ihun da kake jiyowa daga ciki, kuma duk gardamar da ake yi a kan tambaya biyu take: da gaske ihun ka jiyo ko dama can kana da ido a kan gidan, sannan wa ya ba ka izinin fasa ƙofar.

A dokance amsar tambaya ta biyun ba ta da wani ruɗani. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, sashe na 2 sakin layi na 4, ya hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata. Ƙofa biyu kawai aka bari, kare kai a sashe na 51, sai kuma izinin Kwamitin Sulhu ƙarƙashin babi na 7. Kwamitin nan kujeru 15 ne, ana buƙatar ƙuri'a 9, amma ko da 14 sun yarda idan ɗaya daga cikin Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya ko Faransa ta hau kujerar naƙi shikenan magana ta mutu. Matsalar kenan, domin waɗannan biyar ɗin su ne masu gadin dokar kuma su ne suka fi kowa ƙarfin karya ta, mai dokar barci yakan ɓuge da gyangyaɗi. To duk lokacin da doka ta ƙi ba shugaba abin da yake so, ina yake komawa? Tarihi. Ya ɗauko wata shekara ya ajiye a gaban jama'a ya ce ku duba, yau ma irin ranar ce.

Shekarar da aka fi wahalarwa ita ce 1938. A watan Satumba na shekarar firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya je birnin Munich ya sa hannu aka bar wa Hitler yankin Sudetenland na Chekoslobakiya don a zauna lafiya, wata shida bayan nan Hitler ya haɗiye ragowar yankin Chek, kafin shekara ta zagayo kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Tun daga nan duk shugaban da ke son yaƙi sai ya ce abokin gabarsa Hitler ne, duk mai cewa a dakata kuma Chamberlain ne mai lallashin azzalumi. Firaministan Birtaniya Anthony Eden ya kalli Gamal Abdel Nasser na Masar da wannan idon a rikicin mashigin Suez na 1956, George Bush babba ya kwatanta Saddam da Hitler a 1990, har Putin da ya tura soja Ukraine ranar 24 ga Fabrairun 2022 cewa ya yi zai kawar da 'yan Nazi ne. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma ni a ganina shi ne ainihin darasin Munich ɗin, shi ne hujjar da shi Hitler ya bayar a 1938 ita ce wai yana kare Jamusawa tsiraru da ake zalunta a Sudetenland. Wato maganar kare marasa ƙarfi daga bakin maharin ta fito. Haka Mussolini da ya afka wa Habasha a 1935, cikin hujjojinsa har da kawar da bauta, alhali iskar guba jiragensa ke zubawa a kan mutane. Kafin su duka Sarki Leopold na Beljiyam da sunan yaƙi da cinikin bayi ya samu Kongo a 1885, aka wayi gari ana datse hannun mutane saboda roba. Wannan shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana, kuma shi ya sa ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka da sun ji an ce jin ƙai sai gabansu ya faɗi.

Amma fa kar wani ya ɗauka daga nan magana ta ƙare, wai duk katsalandan ƙarya ne. Akwai Ruwanda, kuma duk wanda zai yi wannan gardamar da gaskiya dole ya tsaya a Ruwanda ya daɗe. A watan Afrilun 1994 akwai wata makarantar koyon sana'a a unguwar Kicukiro a Kigali inda sojojin Beljiyam na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi sansani, mutane wajen dubu biyu suka gudo suka fake a harabar saboda sun ga tutar Majalisa, mata da goyo, tsofaffi, yara, a bakin shinge kuma 'yan Interahamwe, wato 'yan bangar Hutu masu kashe 'yan Tutsi, na zagaye da adduna suna jira. Ranar 11 ga Afrilu aka ba sojojin umarni su tattara su tafi filin jirgi. Mutane suka riƙa bin motocin da gudu suna roƙo, sojoji suka yi harbi sama don su buɗa hanya, motoci suka fita. A ranar aka kashe mafi yawan mutanen nan. Kwana goma bayan haka Kwamitin Sulhu maimakon ya ƙara soja sai ya rage rundunar zuwa mutum 270, duk da kwamandanta Janar Roméo Dallaire yana ta neman ƙari. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000. Wallahi duk sanda na karanta labarin makarantar nan sai na ji kalmar "ba ruwanmu" ta yi min nauyi a baki. Shekara ɗaya bayan nan, Yulin 1995, aka sake yi a Srebrenica ta Bosniya, maza da samari kusan 8,000 aka kashe a yankin da Majalisar da kanta ta ce tudun mun tsira ne.

Kunyar waɗannan biyun ce ta haifi Kosobo. A Maris 1999 ƙungiyar tsaro ta NATO ta fara luguden wuta a kan Sabiya da sunan kare Albaniyawan yankin Kosobo, kwana 78, ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba saboda an san Rasha za ta hau kujerar naƙi. Wani kwamiti mai zaman kansa da ya yi bincike daga baya ya ce yaƙin ya saɓa doka amma yana da hujja ta ɗa'a. Wannan jimlar har yau ita ake ja. In ya halatta ka karya doka saboda zuciyarka ta gaya maka kana kan gaskiya, me zai hana wani ya yi haka gobe? Kuma an yi, don a jawabinsa na Maris 2014 kan ƙwace yankin Kirimiya daga Ukraine Putin da Kosobo ya kafa hujja.

Daga nan ne aka zauna a gyara lamarin. Wani kwamiti da Kanada ta kafa, Gareth Evans na Ostireliya da Mohamed Sahnoun na Aljeriya suka jagoranta, ya fitar da rahoto a 2001 ya juya tambayar, aka bar maganar "wa ke da ikon shiga" aka koma "wa ke da alhakin karewa". Shi ne abin da ake kira Alhakin Karewa, a taƙaice R2P, kuma tushen tunanin akwai hannun Francis Deng ɗan Sudan ta Kudu wanda ya daɗe yana cewa diyaucin ƙasa nauyi ne a wuyan mai mulki, ba lasisin yin yadda ya ga dama da talakawa ba. Tarayyar Afirka ma ta riga kowa, kundinta na 2000 sashe na 4 ya ba ta ikon shiga ƙasa mamba idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi. A taron shugabannin duniya na 2005 aka amince da R2P amma aka ɗaure shi tamau: laifi huɗu kawai ya shafa, kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, share wata ƙabila daga yankinta, da manyan laifukan cin zarafin bil'adama, kuma ƙarfin soja sai ta hannun Kwamitin Sulhu. Ba ya nufin a kifar da gwamnati don ba ta yin zaɓe, ba ya nufin a shiga ƙasa don shugabanta mugu ne. Mutane da yawa suna cakuɗa wannan.

Iraƙi ta 2003 kuwa ba ta ma shiga wannan layin ba, duk da daga baya an yi ta ƙoƙarin cusa ta. Ranar 5 ga Fabrairun 2003 sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna gaban Kwamitin Sulhu, shugaban CIA George Tenet na zaune a bayansa, ya ɗaga wata 'yar kwalba ƙarama tsakanin yatsunsa yana nuna wa duniya yadda ɗan garin ƙwayar cuta kaɗan zai iya yin ɓarna, ya ce Saddam na ɓoye da makaman ƙare dangi. Ranar 20 ga Maris aka fara yaƙi. Aka bincike Iraƙi ciki da bai ba a samu makaman ba, Powell da kansa daga baya ya ce wannan jawabin tabo ne a tarihinsa, sakatare janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisa, rahoton kwamitin bincike na Chilcot na 2016 a Birtaniya ya ce an tafi yaƙi tun hanyoyin lumana ba su ƙare ba. Da hujjar makamai ta rushe sai aka koma Halabja, garin Kurdawa da Saddam ya zuba wa iskar guba a Maris 1988 mutum wajen 5,000 suka mutu. Halabja gaskiya ce, babu mai musu. Amma a 1988 ɗin Saddam yaƙi yake da Iran kuma manyan ƙasashen Yamma suna ɗasawa da shi, ba wanda ya tura soja ko ɗaya. Gawar da ka wuce ba ka waiwaya ba, ka dawo bayan shekara 15 ka ɗauke ta a kafaɗa don ta zame maka hujja, wannan shi ne abin da ya fi ɓata min rai a yadda ake wasa da tarihi.

Wani abin lura da ba a cika kawowa ba, yaƙe-yaƙen da suka tsayar da kisa da gaske a ƙarni na 20 wasunsu maƙwabta ne suka yi, kuma ba jin ƙai suka sa a gaba a matsayin hujja ba. Indiya a Gabashin Pakistan, wato Bangladash ta yanzu, a 1971 bayan 'yan gudun hijira kusan miliyan 10 sun kwararo mata, Biyetnam da ta kori Pol Pot daga Phnom Penh a Janairun 1979, Tanzaniya da ta kori Idi Amin daga Kampala a Afrilun 1979 bayan ya mamaye mata yankin Kagera. Kare kai suka fi jingina da shi. Biyetnam ma tsangwama ta sha, aka bar wa 'yan Khmer Rouge na Pol Pot kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekara da shekaru, saboda siyasar yaƙin cacar baka ta fi ƙarfin gawarwakin.

Gwajin R2P na gaske Libiya ne. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙudiri na 1973, ƙuri'a 10, ƙasashe biyar suka ƙaurace, Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil, su kuma ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin lokacin, Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon, duk suka ce eh. Kalmar da ke bakin kowa a makon ita ce kar Bengazi, birnin 'yan tawaye da sojojin Gaddafi suka nufa, ta zama wata Srebrenica. Izinin da aka bayar na kare fararen hula ne da hana shawagin jirage, ba a ce a sauya gwamnati ba, amma jiragen NATO suka ci gaba wata bakwai har aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, shirin sulhun da Tarayyar Afirka ta kawo kuma aka yi watsi da shi. Ni ban yarda da masu cewa mutanen Bengazi ba sa cikin haɗari ba, tankoki na bakin gari. Amma wanda ya karɓi izinin kashe gobara ya rushe gidan gaba ɗaya ya tafi, gyaran gangar auzinawa ya yi, rumbunan makamai suka buɗe suka bazu har arewacin Mali a 2012, Libiya ta rabu tsakanin gwamnatoci biyu. Obama ya ce a 2016 rashin shirya abin da zai biyo baya a Libiya shi ne babban kuskuren mulkinsa, a shekarar kuma kwamitin harkokin waje na majalisar dokokin Birtaniya ya ce an kambama barazanar kuma manufar ta zame daga kare fararen hula zuwa kifar da gwamnati.

Waɗanda suka fara biyan bashin nan kuwa mutanen Siriya ne. Ranar 4 ga Oktoban 2011, Gaddafi ma yana raye, aka kawo ƙudiri a kan Siriya wanda ko maganar tura soja babu a cikinsa, Rasha da Sin suka hau kujerar naƙi, jakadan Rasha ya fito ƙarara ya ce ba za a raba maganar Siriya da abin da aka gani a Libiya ba. Yanzu shekarar 2011 ita ma ta shiga jerin shekarun da ake ɗaukowa, wancan ya ce Ruwanda wannan ya ce Libiya, a tsakaninsu kuma aka yi ta sakin bama-baman ganga a kan unguwannin Aleppo shekara bayan shekara.