Koyo mai zurfi a karatun hotunan asibiti a Gana

Koyo mai zurfi reshe ne na ƙirƙirarriyar basira, inda ake nuna wa kwamfuta dubban misalai har ta iya gane abu da kanta. A asibiti ana amfani da shi wajen duba hoton ƙirji, hoton ƙwaƙwalwa da na cikin ido. Likita ne ke fara yi wa kowane hoto alama: wannan huhu lafiya lau, wancan akwai tabo a samansa. Kwamfuta ta yi hasashe, a gwada da alamar likita, a gyara lissafinta, a sake.

Tarihi

Tushen dabarar ya kai wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Yann LeCun ya koya wa kwamfuta karanta lambobin da aka rubuta da hannu. Ba ta yi tashe ba sai 2012, da manhajar AlexNet ta Jami'ar Toronto ta lashe gasar gane hotuna ta ImageNet. A 2015 masana a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka fito da U-Net, mai shata iyakar ƙari ko gaɓa a jikin hoto, kuma har yau ɗalibai da yawa da ita suke farawa. A 2017 cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta saki hotunan ƙirji sama da 100,000 don bincike. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a tantance masu tarin fuka 'yan shekara 15 zuwa sama da irin waɗannan manhajoji.

A Gana

Google ya buɗe cibiyar bincikensa a Akra a 2019, taron masana koyo mai zurfi na Afirka, Deep Learning Indaba, na 2023 ma a Akra aka yi shi. Sai dai manyan rumbunan hotunan da ake koyar da manhajoji da su galibi daga asibitocin Amurka da Turai suka fito, shi ya sa manhajar kan yi tuntuɓe idan ta haɗu da wata na'urar da wasu majinyatan. Ɗalibin digiri na uku a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi zai iya cinye watanni yana neman izini, yana goge sunayen majinyata, yana jiran likitan hoto ya sami sarari ya yi alama, kafin kwamfuta ta fara koyo. Wannan wahala ce ke sa hoton ƙirjin dattijon da ya taso daga unguwar Aboabo zuwa asibitin Komfo Anokye a Kumasi ya karantu daidai.

Doka da saɓani

Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta shafi waɗannan hotuna. Masana sun rabu kan wanda zai ɗauki alhaki idan manhaja ta yi kuskure.