Nisan Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Santiago da Tsibirin Rapa Nui

Tsakanin Santiago, babban birnin ƙasar Chile, da tsibirin Rapa Nui, wanda Turawa ke kira Easter, akwai tazarar kimanin kilomita 3,750 ta sama, kusan dukkanta a kan Tekun Pasifik. Tsibirin yana ƙarƙashin Chile tun shekarar 1888, saboda haka a hukumance tafiyar cikin gida ce, duk da ta fi tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da yawa tsawo.

Jirgin da ya tashi daga Santiago yakan yi kamar awa biyar da rabi kafin ya sauka a filin jirgin sama na Mataveri, daf da garin Hanga Roa. Dawowa ba ta kai haka ba, domin iskar sama a wannan yanki daga yamma take kaɗawa zuwa gabas: tana tare jirgi a zuwa, tana tura shi a komowa. Agogon tsibirin yana bayan na Santiago da awa 2. Kamfanin LATAM ne ke jigilar fasinja a kan hanyar, da jiragen Boeing 787.

Abin da ya bambanta hanyar da sauran dogayen hanyoyi shi ne rashin wurin ratsewa. Tsibirin Pitcairn, wanda shi ne maƙwabci mafi kusa da ke da mutane, yana da nisan fiye da kilomita 2,000, kuma ba shi da filin jirgi ko ɗaya. Filin da ya fi kusa yana tsibiran Gambier, kimanin kilomita 2,600 daga yamma. Titin sauka kuwa ɗaya tal ne a Mataveri. Wannan ya sa hukumomin Chile suka kafa doka: da zarar jirgi ya wuce rabin hanya, ba a barin wani ya wuce nasa rabin sai na farkon ya sauka lafiya. Dalilin a fili yake. In jirgi ya lalace a kan titin ya toshe shi, na bayansa dole ya kasance yana da man komawa inda ya fito.

A 1951 ne matuƙin sojan sama Roberto Parragué ya fara kai jirgi tsibirin daga garin La Serena da ke gaɓar tekun Chile, a wani jirgi mai sauka kan ruwa da aka laƙaba wa suna Manutara. Ya shafe wajen awa 19. Jigilar fasinja a kai a kai ta fara a 1967. Titin kuma ya kai tsawon mita 3,318 ne bayan Amurka ta biya kuɗin ƙara shi a shekarun 1980, don ya zama wurin saukar gaggawa ga kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Kumbon bai taɓa sauka a can ba, amma manyan jirage sun sami titin da zai ɗauke su.

Mutanen tsibirin, su 7,750 a ƙidayar 2017, ta wannan hanya suke samun yawancin ɗanyen abinci da magani, ta nan ake fitar da mara lafiya mai tsanani, ta nan kuma baƙi masu zuwa kallon gumakan dutse na moai ke shigowa. Da aka dakatar da jigilar masu yawon buɗe ido a Maris 2020 saboda annobar korona, ba a sake buɗewa ba sai Agustan 2022, iyalai da dama kuwa suka koma noma da kamun kifi.